Ma'aikatan Jinya a Zangon Kutare na Yadakunya: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da yaƙi da kuturta a Arewa ya tsaya ne kan likitoci da magunguna. Wannan maƙala za ta duba waɗanda suka ɗauki nauyin jinyar yau da kullum, da abin da ya riƙe su a bakin aiki.

Kafuwar Zangon

Daga 1937 ne mishan na SIM ya karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, bisa yarjejeniya da En'e. Zangon Kano yana Yadakunya, na Katsina a Babbar Ruga, na Sakkwato kuwa a Amanawa. Majinyaci kan shekara da shekaru a can, domin maganin wancan zamani allurar wani mai ne daga itacen ƙasar Indiya, mai zafi, mai jinkirin aiki.

Su Wane ne Ma'aikatan?

Turawan mishan ba su da yawa, masu lafiya kuma suna ƙyamar aikin. Saboda haka aka koya wa waɗansu majinyatan wanke miki da ɗaure shi da yin allura, watau suka zama diresoshi. Mutum ɗaya ne majinyaci kuma ma'aikaci. Abin da ya tsai da su shi ne muhalli da gonar noma da ɗan ihisani da koyon karatu, uwa-uba mutuncin da suka rasa a garuruwansu. Ashe kula da mai jinya ba alfarma ba ce, ita ce ginshiƙin zangon.

Sauyin Zamani

Wajen 1950 aikin Dokta John Lowe a Uzuakoli ya tabbatar da amfanin ƙwayar dafson. Magani ya koma ɗakunan shan magani na ƙauyuka, zama a zango ya ragu. Amma waɗanda cutar ta riga ta naƙasa sun ci gaba da bukatar mai ɗaure musu miki har ƙarshen rayuwa.

Kammalawa

Annobar sanƙarau ta 1996 da ta korona ta 2020 sun sake ɗora wa ma'aikatan lafiya na Kano gajiya da fargabar kamuwa. Tarihin Yadakunya ya nuna cewa tun kafin annoba ta zo ake tanadar wa mai jinya ci da sha da kariya da mutunci. Hausawa dai sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.