Kati a aljihu, rumfar zaɓe ba kowa

Yau maganar katin zaɓe za mu yi, wannan da ke kwance a aljihun yawancinmu.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sunayen mutum sama da miliyan 93 ne a rajistar INEC. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari. A jihar Kano kusan miliyan 6 ne a rajista, ƙuri'un da aka ƙirga ba su kai miliyan 2 ba. Alhali a 2003 an ce kashi 69 ne suka fito, a 2019 kuma wajen kashi 35.

Kafin mu ce lalaci ne, mu ɗan waiwaya. A 1951 zaɓe a Arewa hawa-hawa ake yinsa: talaka ya zaɓi wakili a unguwa, wakilai su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, inda En'e ke da damar cusa nata mutanen. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu a majalisar Kaduna ba. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafi ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan gwagwarmaya, sai a 1979 iyayenmu mata suka fara zaɓen tarayya. Sai 12 ga Yunin 1993: jama'a suka yi layi, Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a jihar Kano, gwamnatin Babangida ta soke zaɓen. To, wanda kakansa ya ga 1951, babansa ya ga 1993, me kuke zaton ana faɗa masa a gida game da ƙuri'a?

Amma fa a yi adalci, ni wancan kashi 69 ɗin ban cika yarda da shi ba. Lokacin babu na'urar tantance kati, sai a 2015 aka kawo ta, BVAS kuma a 2021. Wani ɓangare na raguwar, ƙuri'un bogi ne suka ragu. Ita kanta rajistar akwai sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a ciki.

Sannan katin yana da nasa amfanin ko ba zaɓe, don shaida ce da ake karɓa a banki. Ranar zaɓe kuwa dole sai rumfar da sunanka yake, ga hana zirga-zirga. A 2022 na bi gida-gida ina roƙon matasa su yi rajista. Wani abokina ya yi tasa a garinsu, daga baya neman abinci ya kai shi Abuja. Da Fabrairun 2023 ta zo, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, direba ya ce shi sai kuɗi a hannu. Na kira shi da yammacin ranar zaɓe, ya ce min, “Wallahi katin na nan, ɗazu ma na gan shi a jaka.”