Haƙorin Farko da Ciwon da Ke Cin Fuska a Ƙasar Gobir

Tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, har zuwa kafuwar Sabon Birni a tsakiyar ƙarnin, abubuwa da yawa sun sauya a ƙasar Gobir, amma wata fahimta ta iyaye mata ba ta gusa ba. Idan jariri ya yi zazzaɓi ko gudawa a wata na shida ko na bakwai, sai a ce haƙori ne. A nemo jiƙo, a rataya laya, a jira ya fito. Shi bakin kuwa ba a cika duba shi ba, domin asuwaki kayan manya ne, haƙorin yaro kuma ai famfara zai yi.

Tsadar wannan sakaci na bayyana ne bayan yaye. Yaron da yunwa ta kassara, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka biyo baya, dasashinsa kan kumbura ya riƙa jini, baki ya yi wari. Cikin mako biyu ciwon kan huda kunci, ya ci leɓe da ƙashi. Likitoci na kiransa noma (ba noman gona ba, kalmar Girkanci ce mai ma'anar cinyewa), a ƙauyuka da dama kuwa iska ake ɗora wa laifi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba magani. Turai ma ta san shi, abinci da tsafta suka kore shi, sai da ya sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi.

An buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato a 1999, ƙungiyar MSF ta shigo da tallafi a 2014, kuma Nijeriya ce ta jagoranci yunƙurin da ya sa hukumar ta saka shi cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Abin takaici, matakin farkonsa na warkewa da maganin ƙwayoyin cuta, wanke baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki, rigakafinsa kuma na farawa da tsumma mai tsafta da ake goge dasashin jariri. Sai dai a yau hanyar Isa da Sabon Birni zuwa Sakkwato na hannun 'yan bindiga, gonaki sun zama kufai, kuma uwar da ke gudun hijira da goyo ba ta da ruwan da za ta tafasa.