Sule, Kwabo da Kuɗin Shiga Filin Ƙwallo

Duk wanda ya saba zama da dattawan da suka kalli ƙwallo a Kano tun kafin a kafa Kano Pillars a 1990 ya san hirarmu ba ta daɗewa a kan ƙwallon. Za a fara da Raccah Rovers da kofin lig ɗin da ta ci a 1978, a gangara kan Mighty Jets ta Jos, kafin a ankara wani ya ce, "Alhaji, da sule biyu na je wancan wasan, na biya ƙofa, na sha rake, na dawo gida da canji." Daga nan sai a koma lissafi. Akwai hukuncin da abokaina suka daɗe da yankewa, wai ranar da aka kawo naira aka kashe albarkar kuɗi. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake na san inda ya samo tushe.

Kuɗin da muka buɗe ido da shi na Ingila ne a tsarinsa. Fam ɗaya sule ashirin, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. Rabin sule shi ne sisi, rabin sisi taro, rabin kwabo ɗari, sule biyu kuma fataka, wasu su ce dala. Iyayenmu sun yi zamanin anini, wanda sai ka tara goma kafin su zama kwabo, tun lokacin da hukumar kuɗi guda, wadda aka kafa a 1912, take buga wa Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Mu kuwa sulallan da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 1959 muka riƙa. Kwabon yana da huji a tsaka, kakata takan zura su a zare ta ɗaure a bakin zane. Taro ja ne mai kusurwa goma sha biyu, ko a cikin duhu ka taɓa shi ka san shi ne. Yaron da aka aika kasuwa a lokacin dole ya iya lissafin goma sha biyu da na ashirin a ka, kuma mun iya.

Ingila ta bar wannan tsari ranar 15 ga Fabrairu 1971, Ghana ma ta riga ta tun 1965 da ta ɗauki sidi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bi sahu ranar 1 ga Janairu 1973. Naira ɗaya ta tsaya a matsayin sule goma, wato fam ɗaya naira biyu, aka raba nairar gida ɗari.

Mai son ƙwallo ba ya manta wannan wata. Kwanaki kaɗan da fitowar naira aka buɗe wasannin Afirka karo na biyu a Legas, a sabon filin Surulere, ƙungiyar ƙwallon Najeriya, Green Eagles, ta doke Gini da ci biyu da nema a wasan ƙarshe ta ɗauki zinare. A rediyon wani tela na layinmu muka saurara, sabbin sulalla na zagaya hannuwa ana duba zanen jikinsu: auduga a rabin kwabo, koko a kwabo biyar, kwakwar manja a kwabo goma, gyaɗa da dalarta a kwabo ashirin da biyar. Mu Kanawa wannan na ƙarshen ya fi faranta mana rai. A jikin kwabo ɗaya kuwa rijiyoyin man fetur aka zana.

Ga gaskiyar da ke cikin ƙorafin abokaina. Sule bai canza ba, kwabo goma aka ci gaba da kiransa sule, kwabo biyar sisi. Amma da can kwabo goma sha biyu ke cika sule, yanzu goma. Mai ƙosai a ƙofar fili da ke sayar da guda a kwabo ta ci gaba da cewa kwabo, sai ya zamana sulenka da ke kawo ƙosai goma sha biyu ya koma kawo goma. Taro kuma ya rasa magaji, domin ba a buga sabon sulallan da ya yi daidai da shi ba, kayan taro suka hau sama a wurin ciko. Talaka ne ya ji wannan a jikinsa, shi da cinikinsa duka na kwabo da taro ne. Wanda ke sayen shanu bai ji komai ba, ya ci gaba da ciniki da fam da jaka shekaru da yawa bayan haka, yana nufin naira biyu da naira ɗari biyu.

Sai dai wannan rauni ƙarami ne, kuma sau ɗaya ya faru. Nairar 1973 ta fi dalar Amurka daraja. Abin da ya karya darajar kuɗi ya zo ne daga baya. A ƙarshen wannan shekarar farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuɗi ya malalo wa gwamnati. Aka biya ma'aikata ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara tare da ariyas a farkon 1975, 'yan kasuwa suka ɗaga kaya tun kafin kuɗin ya shiga aljihu, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 30 cikin ɗari. Manomin da ba ya cin albashi ya biya sabon farashin bai ga ƙarin ba. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, muka koma cin shinkafar waje. Duk da haka akwai sauran ƙarfi: lokacin da Green Eagles ta ci kofin Afirka a 1980, Shugaba Shehu Shagari ya ba 'yan wasa gidaje da motocin Peugeot, a 1981 kuma mafi ƙarancin albashi ya zama naira 125, kuɗin da ya kai kimanin dala 200.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, aka saki naira a kasuwar canji, tun daga nan ba ta sake miƙewa ba. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari. Takardun kuɗinmu ma sun isa shaida: naira 20 mai hoton Murtala a 1977, naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 1,000 a 2005. A 1991 aka mayar da naira ɗaya sulalla. A 2007 aka sake buga sulalla, mutane suka ƙi karɓa don ba abin da za su saya. Jikokina ba su taɓa riƙe kwabo ba, kuma kuɗin da suke biya a gidan kallo don wasan Arsenal guda ya fi albashin wata na leburan 1981 a lamba.

Abin da ya fi damuna shi ne leburan kansa. A filin Sabon Gari na san masu dako da masu facin keke da ba sa fashin wasa, domin kuɗin ƙofa bai taɓa cefanen gida ba. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, wanda a lokacin bai kai dala 50 ba, bai kuma isa sayen buhun shinkafa ba. Magidancin da ke kan wannan albashi sai ya yi shawara da aljihunsa kafin ya hau adaidaita sahu zuwa filin Sani Abacha. Saboda haka ina roƙon abokaina, idan za mu ba yara labarin sule da taro, mu ɗora laifi inda yake. Raba naira gida ɗari ya rage mana ƙosai biyu a sule. Dogaro da man fetur da watsi da noma su suka cinye sulen gaba ɗaya.