Adon Bakin Ƙofa da Taga a Ginin Gargajiya

A ƙasar Hausa, ƙofar zaure ita ce fuskar gida. Shi ya sa magina kan kewaye ta da zane ta sama da gefe biyu, har baƙo ya gane matsayin maigida tun kafin ya yi sallama. Tagogin ginin ƙasa ƙanana ne, adonsu bai cika wuce ɗan kauri a gefe ba.

Wannan aiki ba na ƙawa ba ne kawai. Bakin ƙofa nan ne hannu da kaya suka fi goga, kuma kaurin yaɓen da aka kewaye shi da shi yana rage zaizayewar bango.

Hanyoyin yinsa uku ne. Ana tayar da zane da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Ana karce shi a kan ɗanyen yaɓe ko siminti. Ko kuma a zana shi da fenti. Dagi shi ne zanen da ya fi shahara, sai takobi da allo. A ƙarni na 20 magina suka ƙara da keke da mota da jirgin sama.

Domin kariya daga ruwan sama, ana shafe aikin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Mai son ganin misali ya ziyarci Gidan Makama da ke birnin Kano, ko tsofaffin unguwannin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram.

A yau wannan gado namu yana cikin haɗari. Ana rushe zauruka ana maye gurbinsu da bulo, ƙwararrun magina kuma suna ƙaranci. Saboda haka muna shawartar magidanta su gyara yaɓe da indararo kafin faɗuwar damina. A yi hattara da lulluɓe bangon ƙasa da siminti, domin idan ya tsage ruwa kan shige ta baya ya ci ginin ba a sani ba.

Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su ɗauki hoton irin waɗannan ƙofofi, su rubuta sunayen maginansu, kafin aikin hanya ko sabon gini ya bi ta kansu. Zanen da ya rushe ba a ajiye siffarsa ba, ba mai iya dawo mana da shi.