Rabin Na'urar Pressey Da Muka Bari A Baya

A shekarar 1924 wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, mai suna Sidney Pressey, ya fito da wata 'yar na'ura mai taga ɗaya da maɓallai huɗu. Tambaya ce ke bayyana a tagar, ɗalibi kuma ya danna maɓallin amsar da ya zaɓa. Aiki biyu na'urar ke yi. Idan an saita ta don jarrabawa, sai ta ƙirga amsoshin da aka ci kawai. Idan kuwa an saita ta don koyarwa, ba za ta kawo tambaya ta gaba ba sai ɗalibi ya dace da amsar ta farko. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ƙa'idar, domin malam ba ya cewa a wanke sai almajiri ya biya karatunsa daidai.

Na'urar Pressey ba ta yi kasuwa ba, don ta faɗo lokacin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929. Wadda ta samu karɓuwa ita ce ta Reynold Johnson, wani malamin sakandare a Mishigan, wadda kamfanin IBM ya fitar a ƙarshen shekarun 1930 da sunan IBM 805. Sirrinta ma Kemistiri ne: bakin fensir nau'in kabon ne da lantarki ke iya ratsawa, don haka na'urar ke gane gurbin da ɗalibi ya cike. Daga baya aka koma na'urori masu karantawa da haske. Jikokinsu ne suka duba takardun duk wanda ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa da fensirin HB a hannu.

Masu son ɓangaren koyarwa ba su haƙura ba. A 1960 Donald Bitzer ya fara tsarin PLATO a Jami'ar Ilinoi, inda Farfesa Stanley Smith ya rubuta darussan Kemistiri da ɗalibi ke amsawa a kwamfuta tana yi masa gyara nan take. A 1992 Jami'ar Jihar Mishigan ta fara tsarin CAPA, wanda ya kawo dabaru biyu. Kowane ɗalibi akan ba shi tambayar jinga iri ɗaya amma da alƙaluma daban, don haka kwafe amsar aboki ba ta da amfani. Sannan wanda ya kuskure yana da damar sake gwadawa. Manhajoji irin su ALEKS da Mastering Chemistry, waɗanda jami'o'in Amurka ke amfani da su a yau, wannan turbar suka bi.

Me ya sa Kemistiri ke buƙatar irin wannan? Domin kuskurensa yana da asali, kuma sai an gano asalin ake gyara shi. A ce an ba yaro haɗuwar haidirojin da iskar oksijin ya daidaita lissafinta. Maimakon ya sa 2 a gaban H2 da gaban H2O, sai ya mayar da H2O zuwa H2O2. Alƙaluma sun daidaita, amma ruwan sha ya zama sinadarin wanke rauni. Na'urar ƙirga maki sifiri za ta ba shi ta wuce. Manhajar koyarwa kuwa za ta gaya masa cewa ya taɓa lambar da ba a taɓawa, ta sake ba shi wata tambayar makamanciyarta.

To, mu wane ɓangaren muka ɗauka? An kafa hukumar JAMB a 1978, ta kuma daɗe tana jarrabawa da fensir da takarda. A 2013 ta fara gwada kwamfuta, zuwa 2015 ta mayar da kowa kanta. An samu sauƙi, ba a musu: sakamako na fitowa cikin kwanaki, satar amsa ta ragu. Amma yara da yawa daga ƙauyukan Kano da Katsina da Sakkwato, ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta. Shi ya sa a 2017 hukumar ta kawo jarrabawar gwaji da tsarin amsawa da maɓallai takwas kacal. Yaron da ke burin karatun likita ko haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, tambayoyi 40 na Kemistiri ke jiransa, kuma abin da zai samu daga na'urar lamba ce kawai. Ba za ta faɗa masa inda ya kauce ba.

Ita ma na'urar takan yi tuntuɓe. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa bayan wata tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake masu jarrabawar. Sai da iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka kafin aka bincika.

Yau wayoyi cike suke da manhajojin tsofaffin tambayoyin JAMB, kuma iyaye na biyan kuɗi a cibiyoyin horo. Kafin uba ya cire kuɗinsa, ko shugaban makaranta ya sa hannu, ya kamata ya zauna da yaro ya sa shi ya ba da amsar da ba daidai ba da gangan, ya ga abin da manhajar za ta yi. In jan maki kawai ta nuna ta wuce, to hadda ce take koyarwa. In ta tsaya ta bayyana dalili ta sake tambaya, to an samu mataimakin malami.

Ko ita ɗin ma mataimakiya ce kawai. Jarrabawar WAEC har yanzu tana da ɓangaren gwaji a ɗakin sinadarai, inda ɗalibi zai riƙa ɗiga asid a hankali har launin ruwa ya juya, kuma hannu da ido ba sa koyon wannan a waya. Abin da manhaja za ta iya shi ne ta ɗauke wa malamin da ke da ɗalibai fiye da ɗari a aji wahalar duba jinga, ya samu lokacin tsayawa da su a gaban kwalabe. Wannan ne burin Pressey tun shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau makarantunmu ba su kai gare shi ba.