Taken Yaƙi da Aƙidar Sadaukar da Rai a Japan

Aƙidar mutuwa domin Sarki, wadda ta mamaye Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ce ta gina ta da gangan cikin shekara saba'in da 'yan kai. Kafin juyin mulkin Meiji na 1868, yaƙi sana'ar samurai ce, wato mayaƙan gado, talaka kuwa yana gonar shinkafarsa. Da sabuwar gwamnati ta kafa dokar shiga soja dole a 1873, manoma a larduna da dama sai da suka yi bore. Shugabannin sun gane cewa bindiga da kaki kaɗai ba za su mai da ɗan manomi jarumi ba, sai an sauya masa zuciya.

Barikin soja da makaranta ne suka yi wannan aiki. A 1882 Sarki Meiji ya fitar da umarni ga sojojin ƙasa da na ruwa, wanda ake sa kowane kurtu ya haddace, yana koya masa cewa amanar Sarki ta fi dutse nauyi, mutuwa kuwa ba ta kai gashin tsuntsu ba. A 1890 aka fitar da makamancinsa ga makarantu. Ranar biki sai shugaban makaranta ya sa safar hannu fara, ya karanta takardar a gaban hoton Sarki, yara suna tsaye kai a sunkuye. Wurin ibadar Yasukuni a Tokyo, wanda aka kafa a 1869, shi ya cike gurbin da ya rage: duk wanda ya faɗi a fagen fama ana rubuta sunansa a can, a girmama shi a matsayin ruhin da ke tsare ƙasa.

Daga nan sai aka shiga ƙera gwaraza. Janar Nogi Maresuke, wanda ya rasa 'ya'yansa biyu da dubban sojoji a yaƙin Rasha na 1904 zuwa 1905, ya kashe kansa tare da matarsa ranar jana'izar Sarki Meiji a 1912, aka mai da shi abin koyi a littattafan yara. A Fabrairun 1932 sojoji uku suka mutu a Shanghai suna ɗauke da bututun nakiya don fasa shingen wayar Sinawa. Jaridu suka ce da saninsu suka ba da rai, aka yi musu waƙoƙi da fina-finai da gumaka. Daga baya masu bincike sun yi shakkar labarin, amma lokacin ya riga ya gama aikinsa.

Da yaƙi da ƙasar Sin ya kankama a 1937, sai aƙidar ta fito daga bariki ta shiga ɗakin girki. Gwamnati ta ƙaddamar da gangamin haɗa zukatan jama'a, take ya cika allunan titi. Na 1940 ya ce almubazzaranci maƙiyi ne. Wani da aka zaɓa a gasar jaridu a 1942 yana cewa ba za mu yi kwaɗayin komai ba sai mun yi nasara. An ce yarinya 'yar makaranta ce ta tsara shi, bayan yaƙi aka gano mahaifinta ne. Akwai kuma na "mutum miliyan ɗari, zuciya ɗaya", da hakko ichiu, wato tara kusurwoyin duniya takwas a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda da shi aka halatta mamaye ƙasashen maƙwabta.

Abin da ya ba waɗannan kalmomi haƙora shi ne ƙungiyoyin unguwa da ake kira tonarigumi, kowace da gidaje kimanin goma. Ta hannunsu ake rabon shinkafa da gawayi, don haka wanda ya yi ƙorafi yana wasa ne da tukunyar gidansa, ga kuma 'yan sandan ciki suna saurare. Idan jar takardar kiran soja ta iso gida, maƙwabta su fito da tutoci su raka saurayi tashar jirgin ƙasa, suna taya uwarsa murna. Ita kuwa, kwana da kwanaki tana tsaye bakin titi da farin ƙyalle, tana roƙon mata masu wucewa kowace ta yi ƙulli ɗaya da jan zare har ya cika dubu, don ɗanta ya ɗaura a ƙugu ya tsare shi daga harsashi. Wannan ɗamara ta fi kowane take faɗin gaskiyar abin da iyaye mata ke so.

A Janairun 1941 ministan soja Tojo Hideki ya fitar da ƙa'idar fagen fama wadda ta haramta wa soja abin kunyar faɗawa hannun maƙiyi da rai. Sakamakonta ya bayyana a tsibirin Attu a Mayun 1943, inda cikin sojoji sama da 2,000 waɗanda aka kama da rai ba su kai 30 ba. Hedkwatar yaƙi ba ta ce an ci su ba, sai ta kira abin gyokusai, fashewar lu'ulu'u. Tun daga nan kowace asara ta samu suna mai kyau. A Saipan a 1944, da Okinawa a 1945, an cusa wa fararen hula tsoron Amurkawa har iyalai suka riƙa faɗawa daga saman duwatsu, wasu kuma sojojinsu ne suka miƙa musu gurneti. Irin waɗannan mayaƙa da ba su san miƙa wuya ba ne sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu da Hausawa da yawa, suka tarar a dazukan Burma.

Ƙarshen hanyar shi ne ƙunar baƙin wake ta jirgin sama. A Oktoban 1944, a yaƙin Leyte na ƙasar Filifin, Admiral Onishi Takijiro ya tsara rundunar kamikaze, sunan guguwar da ta tarwatsa jiragen ruwan Mongol a 1274 da 1281. Matuƙa kusan 3,800 ne suka mutu ta wannan hanya, da yawansu ɗaliban jami'a da aka kwaso daga aji tun 1943. An ce da son ransu suka tafi. Amma saurayin da aka tambaya a gaban sahu ko ya yarda, bayan an yi shekara da shekaru ana koya masa cewa ƙi abin kunya ne ga gidansu, da wuya a kira amsarsa zaɓi.

Babban laifin aƙidar shi ne yadda ta ɗauke wa manyan hafsoshi nauyin tattalin rayuka. Tunda ƙarfin zuciya ya isa, sai aka riƙa tura runduna ba tare da isasshen abinci ba, kamar yadda aka yi a Guadalcanal da Imphal. Masanin tarihi Fujiwara Akira ya ƙiyasta cewa cikin sojoji miliyan 2.3 da suka mutu, fiye da rabi yunwa da cuta ne suka kashe su. A 1945 taken ya koma mutuwar mutum miliyan ɗari baki ɗaya, ana koya wa mata da yara suka da mashin gora.

Ranar 15 ga Agustan 1945 Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya ta rediyo. Washegari Onishi ya kashe kansa. A wannan kaka aka sa yara suka shafe darussan yaƙi daga littattafansu da baƙar tawada, a 1946 Sarki ya musanta cewa shi abin bauta ne, tsarin mulkin 1947 kuma ya yi watsi da yaƙi a sashe na 9. Yasukuni dai yana nan, kuma ziyarar shugabannin Japan can har yau tana tayar da jijiyoyin wuya a Sin da Koriya, musamman tun da aka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 a 1978, cikinsu har da Tojo.