Rikicewar bugun zuciya ga mai jego: abin da ya kamata mu sani

Yau muna tafe da bayani kan wani ciwo da ke ɗauke mana mata a lokacin da ake murnar haihuwa. Shi ne ciwon zuciya na jego, wanda ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata 5 bayan ta sauka. Tsokar zuciya ce ke saki ta buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Daga nan ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun gano yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. A Yamai kuma, wani bincike na 1992 ya nuna matan da ke da ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Hawan jini lokacin ciki, tagwaye, haihuwa da yawa da rashin abinci mai gina jiki duk suna ƙara haɗarin.

Ina bugun zuciya ya shigo? Zuciya na da wata ƴar wutar lantarki tata wadda ke ba ta umarnin bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti ga babba in yana hutawa. In tsokar ta buɗe, hanyoyin wutar nan sai su rikice. Wata zuciyarta ta riƙa gudu ko tana kwance. Wata ɗakunan sama na zuciyar su riƙa karkarwa, bugun ya zo ba tsari; nan jini ke iya daskarewa, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Mafi muni shi ne in rikicin ya taso daga ɗakunan ƙasa: mace na iya suma, ko ta faɗi ta cika nan take.

Alamun da za a lura da su: haki ko da ɗan aiki kaɗan, kasa kwanciya sai an jingina, tarin dare, kumburin ƙafa, faɗuwar gaba, jiri da suma. Kar a ce iska ce ko gajiyar jego. A kai ta CSI ko maternite ran nan, in ta suma kuwa ko da tsakar dare ne. Ana auna bugun da na'urar ECG, a duba ƙarfin zuciyar da ekografi a manyan asibitoci irin na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Maganar wankan jego da kunun kanwa fa? Ciwon na kama har waɗanda ba su yi ba, amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi mai yawa kuma na ƙara wa zuciya aiki. Mai wannan ciwo ta bar su, kuma iyayenmu mata su yi haƙuri su goya mata baya.

Magani na nan, mata da dama kuma suna warkewa cikin watanni. Sai dai maganin fitsari na rage sinadarin fotasiyom a jini, ƙarancinsa kuma na rikita bugun, don haka kar a saye shi a tebur ko a ƙara ƙwaya ba da izinin likita ba. Kar kuma a yanke magani don kumburi ya saɓe. Sabon ciki kafin zuciya ta murmure haɗari ne babba, sai a nemi shawara kan tazarar haihuwa.

Maigida, kai da ke Legas ko Aljeriya, in ka bugo waya tambayar jinjiri, ka tambayi numfashin uwarsa. Allah ya raya, ya ba masu jego lafiya.